Wa Za a Ƙirga Cikin Mutum Goma?

Makona biyu da fara koyar da lissafi a wata makarantar Yahudawa a Amurka, na shiga ɗakin malamai da tsakar rana riƙe da kular da na zo da ita daga gida, shinkafa da miyar kaza. Na juye a faranti, na sa a na'urar ɗumama abincin da ta fi kusa da ƙofa. Na ga an manna mata shuɗiyar takarda, ta can gefe kuma ja, amma ban kawo komai a raina ba. Malamar Ibrananci ce ta shigo ta gani. Ba ta ɗaga murya ba, ta ja ni gefe ta ce shuɗiyar ta kayan madara ce, jar ta nama, kuma ko a jar ma ba a sa naman da aka dafa a gida, sai wanda ya fito daga kicin ɗin makaranta. Ranar sai da aka wanke na'urar tas, aka bar ta kwana guda ba a taɓa ba, sannan aka tafasa ruwa a cikinta har tururi ya game ko'ina, kafin kowa ya sake amfani da ita. Abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki, don na san yadda zan ji in wani ya soya naman alade a tukunyata.

A 2019 ke nan. Bayan shekara uku, shugabar makarantar ta kira ni ofishinta, ta roƙe ni in shiga kwamitin da zai sake rubuta dokokin addini na makarantar tun daga tushe: abin da za a ci, abin da za a sa a ka, yadda za a yi addu'ar safe, da wanda za a kira Bayahude. Ni kuwa Musulma ce, 'yar Zariya, da hijabina nake shiga aji.

Mu a gida in aka ce Yahudawa, dunƙule su muke yi wuri guda. Sai da na zauna cikinsu na ga yadda suka kasu. Binciken da cibiyar Pew ta yi a 2020 ya ƙiyasta Yahudawan Amurka wajen miliyan 7.5. A cikin manyansu, waɗanda ake kira Otodoks, masu riƙon shari'arsu yadda suka gada ba ragi, 9 ne kawai cikin 100. Konsabatif, masu bin shari'ar amma suna ganin tana tafiya da zamani, 17 ne. Mafi yawa su ne Rifom, 37 cikin 100, waɗanda suka bar wa mutum zaɓin abin da zai riƙe na ibada. Kusan ɗaya cikin uku kuma ba su jingina da kowane ɓangare ba. Makarantunsu na yini, waɗanda gidauniyar AVI CHAI ta ƙirga guda 906 da ɗalibai sama da dubu 292 a shekarar karatu ta 2018 zuwa 2019, yawancinsu na Otodoks ne, kuma a can ba a gardama a kan abin da za a ci. Irin tamu ita ake kira makarantar al'umma, ba ta kowane ɓangare ba ce. Garinmu a tsakiyar ƙasar yake, Yahudawansa ba su kai yawan da kowane ɓangare zai gina tasa ba, saboda haka ɗan malamin Otodoks da 'yar gidan da ba a taɓa kunna kyandir ɗin daren Asabar ba, aji ɗaya suke zama, daga rabin aji har aji takwas. Boko ya ɗauki kaso mafi tsoka na yini, sauran kuma Ibrananci da Attaura da tarihinsu. Kuɗin makaranta da gudummawar al'umma ke riƙe da ita, don haka duk gidan da ya cire ɗansa, sai an ji a jika.

Da na samu aikin, yayana bai ji daɗi ba. Ya kira ni ya ce, "Ke yanzu duk faɗin Amurka ba ki ga inda za ki koyar ba sai wurin Yahudawa? Zama da maɗaukin kanwa fa shi ke kawo farin kai." Na ce, "Yaya, lissafi nake koyarwa, kuma akidata tana nan inda kuka san ta." Hajiyarmu tambaya ɗaya ta yi, ko suna bari in yi salla a kan lokaci. Na ce har ɗaki suka ba ni. Ta ce, "To, ki riƙe amanar 'ya'yan mutane."

Ruwa ba ya tsami banza. Abu biyu ne suka haifi kwamitin, duk a farkon shekarar karatu ta 2022. Wasu iyaye a aji huɗu suka shirya wa 'yarsu walimar zagayowar ranar haihuwa ranar Asabar da rana, a wani wurin wasan yara da sai an shiga mota, suka gayyaci ajin duka. Yara uku daga gidajen da ke kiyaye Shabat, ranar hutun ibadarsu ta Asabar, waɗanda ba sa shiga mota daga faɗuwar ranar Juma'a har taurari su fito bayan faɗuwar ranar Asabar, suka wuni a gida. Ranar Litinin ba abin da ajin ke magana sai walimar. Ba a yi mako biyu ba, wata mataimakiyar malama ta buɗe akwatin abincin wani yaro ɗan aji ɗaya, ta ga burodi da naman talotalo da cuku, ta ɗauke a gaban 'yan uwansa ta ce wannan ba kosha ba ne, wato ba halal ba ne a addininsu. Yaron ya koma gida ya tambayi uwarsa ko su ba Yahudawan gaske ba ne. Kafin a ankara, kowane ɓangare ya samu abin nunawa cewa shi ake takawa.

Mu goma sha ɗaya ne a kwamitin: malaman addini uku, wato rabai na makarantar wanda Konsabatif ne, da rabai na majami'ar Otodoks ta garin, dattijo mai furfura, da wata rabai mace ta Rifom, sai iyaye biyar, da malaman darussan addini biyu, sai ni a madadin malaman boko, waɗanda da yawanmu ba Yahudawa ba ne. Tun zaman farko na faɗa musu zan yi magana a kan komai amma ba zan kaɗa ƙuri'a a kan hukuncin addininsu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya shafi jadawali da tarbiyyar aji kuwa, ba zan yi shiru ba.

Watan Nuwamba da Disamba sauraro kawai muka yi. An tura wa kowane gida takardar tambayoyi, sannan aka yi zama shida da daddare a falon wasu iyaye, da sharaɗi ɗaya: kowa ya faɗi yadda ake yi a gidansa, kada ya faɗi yadda ya kamata a yi a gidan wani. Ni aka ba rubuta abin da aka faɗa, ina jin don ba wanda zai zarge ni da karkata alƙalami. Shugabar makarantar kuma ta samo mana littattafan dokoki na wasu makarantu irin tamu ta hanyar Prizmah, ƙungiyar da aka kafa a 2016 bayan haɗewar ƙungiyoyi biyar na makarantun Yahudawa, ciki har da RAVSAK wadda a da ita ce inuwar makarantun al'umma. Muka karanta su, muka ga ba biyu da suka yi daidai da juna.

Da abinci muka fara, kuma shi ya ci mana zama huɗu. Dokar kosha ta fi tamu ta halal rassa. Dabba sai mai rababben kofato kuma mai tuƙa, don haka raƙumi da zomo sun haramta gare su. Kifi sai mai ɓawo a jiki, tarwada ba ta shiga. Sai babbar maganar, raba nama da madara, wadda ta samo asali daga ayar Attaura da ta hana dafa ɗan akuya a cikin nonon uwarsa, ayar da ta zo har sau uku. Daga nan aka raba tukwane, aka raba faranti da cokula, har da lokacin jira bayan an ci nama kafin a sha madara: awa shida a yawancin gidaje, uku ga waɗanda asalinsu Jamus, ɗaya ga na Holan. Amma binciken nan na Pew ya nuna 17 cikin 100 ne kawai na Yahudawan Amurka ke kiyaye kosha a gida. Yawancin iyayen makarantarmu ba sa ciki.

Shawara uku ce a gabanmu. A hana zuwa da abinci daga gida, kowa ya ci na kicin ɗin makaranta. Wannan kuɗinsa ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Ko a bar kowa ya kawo abin da ya ga dama. Wannan kuma zai sa yaran Otodoks su koma cin abinci a wani tebur su kaɗai. Ta ukun ita muka ɗauka: abincin gida ya zama na madara ko na ganye da ƙwai da kifi, ban da nama, ba a kuma musayar abinci. Duk abin da za a raba wa aji kuwa, sai wanda ya zo a rufe da hatimin masu tantance kosha, irin harafin U ɗin nan da ke cikin da'ira na ƙungiyar Orthodox Union, wanda mu ma Musulmin Amurka mukan duba a kanti in muna gudun kitsen alade.

Nan aka zo wurin da ban manta ba. Wata uwa a kwamitin, wadda iyayenta suka fito daga Tarayyar Sobiyet a farkon shekarun 1990, ta ce ba ta yarda ba. Mahaifiyarta ta tashi a inda ba a koyar da Ibrananci, ba ta san addu'a ko ɗaya ba, abin da ya rage mata na kakanninta shi ne kek ɗin zuma da take gasawa duk sabuwar shekararsu ta Rosh Hashana, kuma kowace shekara takan aiko da shi ajin jikokinta. "Yanzu in je in ce mata hannunta ba shi da tsarkin da zai ciyar da yaran Yahudawa?" Muryarta na rawa ta faɗi wannan. Ɗakin ya yi tsit. Dattijon rabai ɗin Otodoks ne ya amsa. Ya ce ba zai iya cewa ɗalibansa su ci ba, amma yana neman a rubuta dokar yadda za ta hau kan kowa: kada a kawo wa aji abin da aka dafa a kowane gida, har da nasa, har da abin da matarsa ta gasa. Ta haka ba za a taɓa jera kicin ɗin mutane a ce wannan ya ci jarrabawa, wannan ya faɗi ba. Malamar aji biyu ta ƙara da cewa a gayyato kakar ta zo kicin ɗin makaranta ta gasa kek ɗin tare da yara, da kayan makaranta. Uwar ta amince, amma ba da farin ciki ba, kuma ban ga laifinta ba. A maganar abinci, masu sassauci ne suka ɗauki nauyin.

Abin da ni na nace a kai shi ne akwatin abincin yaro. Na ce a rubuta baro-baro cewa ba malamin da zai buɗe shi, ba wanda zai yi wa yaro magana a kan abin da ke ciki. In an ga abin da ya saɓa, a kira iyaye bayan an tashi. Yaro ɗan shekara shida ba shi ya haɗa abincinsa ba. Wannan layin ya shiga ba gardama. Maganar walima kuwa, dare guda cur muka kashe a kan kalma ɗaya: a rubuta "wajibi ne" ko "muna roƙo". Makaranta ba ta da iko da abin da mutum zai yi a gidansa ranar Asabar. Muka tsaya a kan roƙo, da sharaɗin cewa ba za a raba katin gayyata a cikin makaranta ba in walimar ta faɗa ranar Shabat ko ranar idi.

Jadawali shi ne nawa yaƙin. Kalandarsu tana bin wata kamar tamu, amma sukan ƙara wata guda sau bakwai a cikin shekara 19 don idodinsu su tsaya a lokacinsu na shekara, kuma da yawa daga manyan idodin a farkon zangon karatu suke taruwa. A 2022 ba ko ɗaya da ya faɗa ƙarshen mako: Rosh Hashana 26 da 27 ga Satumba, Yom Kifur 5 ga Oktoba, Sukot 10 da 11, sannan 17 da 18. Kwana bakwai na karatu a cikin mako huɗu, ban da jajibirin da ake tashi da wuri. Ga Juma'ar hunturu da ake sallamar yara da ƙarfe biyu, don rana kan faɗi kafin biyar kuma ana kunna kyandir minti 18 kafin faɗuwarta. 'Yan aji takwas ɗina kuwa jarrabawar shiga sakandare ɗaya za su zauna da yaran da ba su rasa ko yini ba. Wasu iyayen Rifom, waɗanda yini ɗaya suke yi a yawancin idodin, sun so a buɗe makaranta a rana ta biyu. Da farko na goyi bayansu, lissafin awoyi kawai nake yi. Malamin Attaura ya tambaye ni, in an buɗe, wa zai zo, wa zai rasa darasin? Na janye. Abin da na samu shi ne an mayar da lissafi darasin farko bayan addu'ar safe, aka kuma daina yankar lokacinsa don gwajin waƙoƙin biki. Bikin Halowin da ranar masoya ba su ci mana minti biyar ba, kowa ya yarda a bar su a waje.

Hular nan ƙarama da suke kira kipa ma ba ta ba mu wahala sosai ba. Maza su sa lokacin addu'a da cin abinci da karatun Attaura, sauran lokaci ganin dama ne. Yarinyar da ta so sawa, kada a hana ta kuma kada a yi mata dariya. In an fita yawon buɗe ido, iyaye ke da zaɓin a ɗora hular hana-salla a kai. Wannan ba ado ba ne. Tun harin 27 ga Oktoban 2018 a majami'ar Tree of Life ta Pittsburgh, inda aka kashe mutum 11, akwai mai gadi da bindiga a ƙofarmu.

A watan Fabrairu muka iso inda kowa ke gudu. Otodoks ba sa haɗa maza da mata a wurin addu'a, sukan sa shamaki a tsakani, kuma mace ba ta jan jam'i. Rifom kuwa tun 1972 suka naɗa Sally Priesand rabai mace ta farko a Amurka, Konsabatif suka bi baya a 1985. Wannan mun warware shi da ɗaki biyu ga 'yan aji shida zuwa takwas, ɗaya mai shamaki, ɗaya na haɗaka, yaro da iyayensa su zaɓa. Amma akwai sassan addu'ar da ba a yin su sai mutum goma baligai sun taru, abin da suke kira minyan, kuma namiji yana shiga lissafin ne da shekara 13. To wa za a ƙirga? A shari'ar Otodoks da ta Konsabatif, Bayahude shi ne wanda uwarsa Bayahudiya ce, ko wanda ya shiga addinin bisa ƙa'ida. A 1983 majalisar malaman Rifom ta yanke cewa ɗan da ubansa kaɗai ne Bayahude, in an rene shi a kan addinin, shi ma Bayahude ne. Kuma wannan ba maganar gidaje biyu ko uku ba ce: cikin Yahudawan da ba Otodoks ba da suka yi aure daga 2010 zuwa lokacin binciken Pew, 72 cikin 100 wanda ba Bayahude ba suka aura. Makarantarmu kan ɗauki duk yaron da ɗaya daga iyayensa Bayahude ne, amma ba ta taɓa rubuta matsayinsa a ɗakin addu'a ba.

A kwamitin akwai wani uba, likitan haƙori, wanda matarsa a gidan Kirista ta tashi kuma ba ta sauya addini ba. Na san ta sarai. Ita ke kawo yaran kullum, ita ke kunna kyandir ɗin Juma'a, ita ta zauna da ɗansu yana haddar karatun da zai yi ranar bikin balagarsa. Yaron ɗalibina ne, yana aji bakwai, saura wata kaɗan ya cika 13. Uban ya ajiye takardun gabansa, ya dubi dattijon ya ce, "Rabai, in kuna mutum tara a ɗakinku, ɗana ya shigo, za ka ƙirga shi?" Dattijon ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya ce, "Ba zan iya ba. Ba ni na kafa dokar ba, kuma ba ni da ikon sauya ta. Ka san ina ƙaunar yaron nan." Uban ya ce ya sani, ya ɗauki kwat ɗinsa ya fita.

Don in cike shirun da ya biyo baya, na ba su labarin Islamiyyarmu ta Zariya, inda 'ya'yan gidajen Izala da na ɗariƙa muke sahu ɗaya, wasu na ƙabalu wasu na sadalu, malaminmu ya ce kowa ya yi yadda babansa ke yi, kuma duk wanda ya taɓa hannun ɗan uwansa don ya gyara masa, shi zai sha bulala. Rabai macen ta ce su ma suna da makamancin haka a littattafansu: almajiran Hilel da na Shamai, manyan malamansu biyu na dā, sun saɓa har a hukuncin aure, amma ba su daina auratayya da juna ba. Sai dai tun kafin in isa mota na gane misalina bai kai ba. Mai ƙabalu da mai sadalu ba wanda ke shakkar Musuluncin ɗan uwansa. A nan kuwa ana tambaya ne ko yaron yana cikin gidan ma tukuna. Na kwana ina juyi, don na san fuskarsa, na san yadda yake cizon bayan fensir in lissafi ya cije masa.

Mako uku ba mu zauna ba. Da muka dawo, uban ya zo, dattijon kuma ya zo da 'yar takarda a hannu. Ya fara da bayyana mini wani abu da sauran suka riga suka sani: a al'adarsu ba a ƙirga mutane ɗaya, biyu, uku, kamar dai yadda tsofaffinmu ba sa son a ƙirga musu 'ya'ya. In ana son sanin ko an cika goma, sai a karanta wata ayar Zabura mai kalma goma a Ibrananci, kowace kalma a dubi mutum ɗaya. Ya ce yaran aji bakwai ba wawaye ba ne, za su ga inda idon malami ya tsallake. Don haka shawararsa ita ce a ɗakin mai shamaki a daina ƙirge gaba ɗaya. Ko yara nawa suka taru, za a yi addu'ar ne kamar ba a cika goma ba, a bar sassan da ke buƙatar jam'i, ciki har da fito da naɗaɗɗen littafin Attaura a karanta da albarkunsa ranar Litinin da Alhamis. Wanda ke son cikakkiya, majami'a na buɗe da asuba kafin makaranta. A ɗakin haɗaka kuwa, duk ɗalibin da ya kai shekarun za a ƙirga shi, namiji ko mace. Rabai na makarantar ya ce wannan ya saɓa wa mazhabarsa, don haka ba shi zai ja ɗakin ba, wata malama ce za ta ja.

Wata uwa 'yar Otodoks ta tashi tsaye. Ta ce kuɗi take biya don ɗanta ya koyi ibada cikakkiya, yanzu za a gutsure masa ita saboda auren da wani ya zaɓa wa kansa. Maganar ta yi zafi, amma tsoron da ke ƙarƙashinta na gane shi, don irinsa nake ji game da nawa 'ya'yan a ƙasar nan. An kaɗa ƙuri'a, ni ban kaɗa ba. Shawarar dattijon ta wuce.

Na san mai karatu zai tambaya, Isra'ila fa? Tutarta na nan a zauren taro kusa da ta Amurka, kuma ana rera takenta a wasu bukukuwa. Tun ranar da aka ɗauke ni aiki na faɗa wa shugabar zan miƙe tsaye don girmama taro amma ba zan rera ba, na kuma faɗa mata inda zuciyata take game da Falasɗinawa. Ta ce ta ji. Kwamitinmu bai taɓa wannan babin ba, aka bar wa wani, don su kansu iyayen sun fi rabuwa a kansa fiye da kan abinci. Bayan Oktoban 2023 ɗakin malamai ya yi nauyin da ban taɓa gani ba: ga abokan aiki masu makokin 'yan uwansu, ga ni ina kwana da hotunan yaran Gaza a idona. Akwai ranakun da gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ba mu daina gaisawar ba.

A ƙarshen Maris muka miƙa daftari, shafi shida. Azumi ya riga ya kama a lokacin, idinsu na Fesak kuma na ƙaratowa, sai ga ni zaune a teburin gwajin liyafar idin tare da 'yan ajina, suna cin burodin nan marar yisti, ni bakina a rufe. Wata yarinya ta naɗe mini nawa rabon a takarda ta ce, "Mora, ki ajiye sai rana ta faɗi." Haka suke kiran malama. An karanta wa iyaye daftarin a taro biyu, aka gyara kalmomi kaɗan, hukumar makaranta ta amince da shi a watan Mayu. Gida biyu suka cire 'ya'yansu: uwar nan 'yar Otodoks ta mayar da ɗanta wata makaranta a wani gari, wasu kuma daga ɗaya gefen suka ce addinin ya yi musu yawa, suka koma makarantar gwamnati. Duka yaran na koyar da su, kuma har yau ina jin rashinsu.

Litinin ɗin farko ta sabuwar shekarar karatu, ni ke da aikin tsaron baranda da safe, tsakanin ƙofofin nan biyu, da rajista a hannuna. Ɗan likitan haƙorin ya iso a makare, ya yi bikin balagarsa a lokacin hutu, yana rungume da 'yar jakar kayan addu'arsa sabuwa fil. Na ɗauka ɗakin haɗaka zai nufa. Ya tsaya ya leƙa nan, ya leƙa can, sai ya hango babban abokinsa a ɗakin mai shamaki yana yafito shi. Ya shiga. Malamin bai ɗaga ido ya bi kawunansu ba, ya miƙa masa littafi, abokin ya matsa masa a benci ya taya shi naɗa igiyar fatar da suke ɗaurawa lokacin addu'a a hannunsa na hagu. Jim kaɗan na ji kalmar shaidarsu ta kaɗaita Allah tana fitowa daga ƙofofin biyu, ɗaya ɗakin ya ɗan riga ɗayan. Na nemo sunansa a rajista na sa masa alamar ya zo, na wuce aji in rubuta aikin farko a allo kafin su fito.